Gurbin da Yayarku Ta Bar Mini a Littafin Kyarkeci

Nasiru da Zainab, wannan babin naku ne, ku karanta shi a zaune. Shekara da shekaru ina jin ku kuna cewa babanku ne ya hana Yayarku tafiya Italiya karatu. Ranar sadakar bakwai ɗinsa ma, Allah ya ji ƙansa, na ji ke Zainab a kicin kina gaya wa ƙawarki wai Abba mutumin kirki ne amma akwai shi da taurin kai, shi ya tare wa Yaya gaba. Ina tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, na ji ki sarai, na wuce kamar ban ji ba. To ba shi ba ne. Ni ce. Shi dai ya ɗauki laifin ya tafi da shi, ni kuma ba na so in bi shi da maganar a cikina.

Sai na fara da abin da ku 'ya'yan Dubai ba ku ɗauka a bakin komai ba. Yayarku ita ce 'yar farina. A gidanmu na Fagge mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa ko da ya ɗauko wata daga sama. Ga shi kuma sunan mahaifiyar babanku aka sa mata, kunya ta zama biyu. "Ke" nake ce mata, in ina maganarta da wani kuma in ce "yarinyar nan". Kada ku ce mugunta ce. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi wa kowa, kuma a Kano abin ba ya cutar da yaro, domin gida cike yake da kakanni da gwaggwanni masu goya shi, su kira sunansa tun daga zaure, su yi masa kirari har kansa ya kumbura. Uwa ta kawar da kai, mutum goma su zuba ido. Abin da ban yi tunani ba shi ne na naɗo al'adar nan cikin akwati na kawo ta fulat mai ɗaki biyu a Al Ras, inda babu kaka, babu gwaggo, babu kowa sai ni. Na ci gaba da kawar da kai, kuma babu mai zuba idon.

Benen namu kun tuna shi, tsohon nan na kusa da bakin ruwa, wanda ƙamshin kanumfari da busasshen lemun tsami na shagunan ƙasa yake hawowa har cikin kayan sawarmu. Babanku yana fita ofishinsa na kago, wato jigilar kaya, a Deira tun da safe, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Ƙofar da ke kallon tamu kuwa ta wata tsohuwa ce 'yar Italiya, gajeriya, gashinta fari tas an yanke shi kamar na namiji. Sinyora kowa yake ce mata. Tana zana wa maƙeran zinari fasalin sarƙa da 'yan kunne a kasuwar gwal, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba. Gaisuwar ido kawai muke yi da ita, har ranar da lifta ta lalace Yayarku ta ɗaukar mata jakar cefane zuwa hawa na huɗu. Washegari da hantsi ina tankaɗe sai na ji an rangaɗa sunan 'yata a baranda, da ƙarfi, an ja shi an lanƙwasa kamar waƙa. Rariyar ta kusa suɓuce mini. Na leƙa, na ga tsohuwar nan ta kama kumatun yarinyar da hannu biyu ta sumbaci nan ta sumbaci nan, yarinyar kuma tana dariya irin wadda ban san tana da ita ba. Tun daga ranar na tsani matar, kuma ba ta yi mini komai ba.

Shekarar ƙarshe ce ta Yayarku a sakandare. Malamar Turancinsu ta ba su aiki, kowa ya zaɓi dabba ɗaya ya tattaro maganganun da Turawa suke yi da sunanta. Ita ta rasa abin zaɓa sai kyarkeci, dabbar da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba. Ta sayi littafin rubutu mai koren bango, ta je ta tambayi Sinyora ko su ma suna da irin waɗannan maganganu a yarensu. Ashe an taɓo wa tsohuwa inda yake mata ƙaiƙayi. Mutanen Italiya, in ji ta, da kyarkeci suke kwana da shi suke tashi. Aikin makaranta na sati biyu ya ƙare, littafi bai ƙare ba. Daga kyarkeci aka shiga gaisuwa, daga gaisuwa aka shiga ƙirga, kafin wata shida yarinyar nan tana zuba Italiyanci kamar a can aka yanke mata cibiya. Kullum bayan la'asar tana can, ni ina nan ina jiyo dariyarsu ta bango.

Kyarkecin nan har kan tabarmar cin abincinmu ya biyo mu. Ta dawo ta zauna gaban tuwo ta ce tana jin "fame da lupi", babanku ya tambaya, ta ce yunwar kyarketai ke nan, kuma Bature ma in mutum ya yi wa abinci cin haɗama sai ya ce ya yi masa cin kyarkeci. Babanku ya yi ta dariya yana cewa a ƙara mata miya. Wata Juma'a muka hau abra, ƙaramin jirgin fito, za mu tsallaka ruwa, sai ga Sinyora ita ma a ciki. Ta nuna tsohon da ke tuƙa jirgin da haɓa, ta raɗa wa Yayarku wani abu, suka ƙyalƙyale. Kai Nasiru ka matsa sai an gaya maka.

"Cewa ta yi lupo di mare, kyarkecin teku," in ji Yayarku. "Wanda ya tsufa a kan ruwa. Su Ingilishi karen teku suke cewa."

"To mu me muke cewa?" ka tambaya.

"Ban sani ba tukuna," ta ce, ta ɗan kallo ni.

Na ga kallon. Na mai da fuskata wajen jiragen kaya, ina jin kamar in tura tsohuwar cikin ruwa. Ku yafe mini, gaskiya na ce zan faɗa.

Ba a yi kwana uku ba ta same ni a kicin ina yanka kuɓewa. Ta tsaya a bakin ƙofa da koren littafin a ƙirji, tana murza gefen mayafinta.

"Umma, in tambaye ki mana. Bature yana cewa kyarkeci a cikin rigar tunkiya, wato mugu mai fuskar salihai. Sinyora ta ce su ma kusan haka suke faɗa, sai dai ɗan rago suke cewa. Mu da Hausa fa?"

Na san amsar. Kura da fatar akuya, wa bai san wannan ba? Tana kan harshena. Amma sunan Sinyora da ya riga nawa fitowa daga bakinta shi ya tsaya mini a wuya.

"Ki je ki tambayi uwar taki ta can," na ce. "Ni kuɓewa nake yankawa."

Ta ce to, ta juya. Ba ta sake tambayata ba, ni kuma na ji daɗin na rama, ban san ma abin da na rama ba.

Sinyora ce ta gano mata hanyar. Akwai makarantar koyon aikin tafinta a ƙasarsu da take ɗaukar ɗalibai daga waje, a ba su wurin kwana da abinci, in sun ci jarrabawar yare da ake yi a nan Dubai. Babanku ya yi murna ba kaɗan ba. Ya ce duk ranar Allah yana ganin 'yan kasuwarmu suna sayen takalma da tayil na Italiya ta hannun dillalai uku, in 'yarsa ta iya bakin mutanen ai ta gama da talauci. Ya ce akwai ɗan amininsa da iyalinsa a garin, ba za ta yi maraici ba. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. A raina cewa nake ba za ta ci ba.

Ranar jarrabawar na tashi tun asuba. Kar ku ɗauka ba na son ta ci, zuciyar uwa biyu ce. Na zuba ruwan zamzam a ƙaramin kofi, na tofa duk abin da na sani, na ware dabino bakwai a faranti. Na shirya ko ban kira sunanta ba zan dafa kanta, abin da rabona da yi tun tana goye. Na fito da kofin ke nan sai aka ƙwanƙwasa. Kafin in ajiye ta riga ta buɗe, ga Sinyora cikin rigar barci da silifas, ta riƙe mata kafaɗu.

"In bocca al lupo," ta ce.

"Crepi," in ji Yayarku, tana dariya hawaye na zubo mata.

Suka rungume juna. Tsohuwar ta duba agogo ta ce yalla, yalla, maza-maza, jirgin metro ba ya jira. Yarinyar ta saɓa jaka, ta leƙo ta ce, "Umma na tafi," ba ta ma lura da abin da ke hannuna ba. Na ce to. Ƙofa ta rufe, na tsaya da kofi kamar mai talla.

Da yamma na sa ke Zainab ki tambayo mini ma'anar abin da suka faɗa, kamar ke ce kike son sani. Kika dawo kika ce wai fatan alheri ne. In mutum zai shiga abu mai wuya sai a ce masa ya faɗa bakin kyarkeci, shi kuma ba ya cewa na gode, sai ya ce kyarkecin ya mutu. Kika ƙara da cewa Ingilishi ma cewa suke mutum ya karya ƙafa. Na ce waɗannan mutane ba su da addu'a ne? Na yi ta faɗa ina cewa an tura mini 'ya bakin dabba da sassafe. Amma ba ma'anar ce ta dame ni ba, ko kusa. Abin da ya ci ni shi ne ɗaya ta faɗa, ɗaya ta amsa, ba tare da ta yi tunani ba, kamar yadda ake cewa Allah ya ba da sa'a a ce amin. Suna da abin da suke faɗa wa juna. Ni da na haife ta ba mu da shi. Zamzam ɗin nan ni na shanye shi, dabinon kuma ku kuka cinye.

Ta ci jarrabawar, ta ci da kyau. Ranar da sakamako ya fito wurin Sinyora ta fara kai takardar kafin ta shigo gida, ina jiyo ihun tsohuwar ta bango. Bayan azahar, abin da bai saba ba, babanku ya dawo cin abinci da fara'arsa, yana maganar fasfo da biza da rigar sanyi. Na bi shi ɗaki na tura ƙofa.

"Ba za ta je ba," na ce.

"Saboda me, Binta?"

"Ƙasar da ba kiran salla. 'Ya mace, ita kaɗai."

"Ba ita kaɗai ba ce, na gaya miki. Kuma yarinyar nan kin san ta, ko a tsakiyar kasuwa aka ajiye ta ba za ta bar salla ba. Faɗi gaskiyar abin da ke ranki."

Ya san ni, mutumin nan. Da na ga zai kama ni sai na ɗauko abin da na san ba shi da magani.

"In ta taka jirgin nan ban yafe mata nonon da ta sha ba."

Ya zauna a bakin gado. Ya cire hularsa ya riƙe, ya daɗe yana kallonta.

"Kin san nauyin abin da kika faɗa?"

"Na sani."

"To ba za ta ji shi daga bakinki ba. In ta ji wannan daga uwarta, har ta mutu ba za ta warke ba. Gara ta ƙi ni."

Ya mai da hularsa, ya fita falo, ya kira ta. Ya ce ya sake tunani, ba zai iya tura 'ya mace Turai ba, khalas, magana ta ƙare, kada a sake tayar masa da ita. Kuna wurin, kun ga yadda ya haɗe fuska. Yayarku ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce, "To Abba, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Shi kuwa bai taɓa abincin ba, ya koma ofis.

Sinyora ta zo washegari, karo na farko da ta taka falona. Da guntun Turancinta da guntun Larabcina take roƙona in sa baki, wai ni uwa ce, miji yana jin maganar matarsa. Ta kama hannuna tana cewa 'yata zinariya ce, ita ta san zinari, aikinta ne. Na zuba mata shayi, na ɗaga kafaɗa, na ce maigida ya yanke, mu mata ba mu da ta cewa. Ina faɗa ina jin wani sanyi a raina, na ga idonta ya cika na ce yau ke ma ki ɗanɗana. Ba ta shekara ba bayan nan ta tattara ta koma ƙasarsu. Ranar da za ta tafi Yayarku ta sauke mata akwatuna har ƙasa, ta dawo ta shiga wanka, ta fi awa ɗaya famfo yana zuba.

Na yi zaton in tsohuwar ta tafi 'yata za ta dawo gare ni. Ina? Ai ba ta taɓa zama a wurina ba balle ta dawo. Ta kama aiki a ofishin babanku tana cike takardun kwantena, ta yi shekara huɗu, ta auri Kabiru ta koma can wajen Dubai Investments Park kusa da masana'antar da yake aiki. Ladabi ba abin da ta rage mini. Ta gaishe ni, ta yi mini aike, in na kwanta ciwo ita ce a kaina. Amma dariyar nan ta baranda ban sake jin ta ba, kuma kalma ɗaya ta Italiyanci ba ta sake fita daga bakinta a gidana ba. Ku kuma kuka ɗaure wa babanku fuska wata da watanni, yana gani yana shiru. Sau ɗaya tak ya taɓa tayar mini da maganar, a asibiti, saura kwana kaɗan. Ya ce, "Binta, ki kira yarinyar nan." Na ce ai tana hanya. Ya ce ba wannan kiran ba.

Bayan rasuwarsa, da kai Nasiru ka ce in bar Al Ras in dawo wurinka, ina kwashe kaya na ci karo da koren littafin a ƙasan akwatin zannuwa. Ban taɓa buɗe shi ba sai ranar. Kowane shafi ta ja masa layi ta raba shi gida uku. Gidan farko ta rubuta Turanci a samansa, cike yake. Na biyu ta rubuta Sinyora, shi ma cike, har da gyaran tsohuwar da jan biro. Na uku ta rubuta Umma. Na buɗa shafi na ɗaya, babu komai a ƙarƙashinsa. Na biyu, babu. Na bi littafin nan har bangon ƙarshe ina lasar yatsa, kowane shafi da sunana a sama da farin fili a ƙasa. Ashe tun ranar farko ta ware mini wurina. Ni ina can ina kishin wadda aka ba gida ɗaya, nawa gidan yana nan a share ana jira in shigo. Na zauna a kan tayil cikin kwalaye na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da babanku.

Wata biyu na yi ina cike shi, da rubutuna na 'yar firamare. Zainab, yanzu kin gane dalilin da na dinga damun ki ki karanta mini Turanci a waya. Kura da fatar akuya na fara rubutawa. Yunwar kyarketai na sa mata yunwa kamar a ci babu. Kyarkecin teku na sa tsohon hannu. Inda suka ce yanayin kyarketai, wato ranar hadari da iska, na sa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kyarkecin da ba ya shiga garke na rubuta masa shi kaɗai kamar maye, na yi dariya ni kaɗai don da ni maganar ta dace. Wanda ya gagare ni na tambayi matan Kano masu zuwa sarin kaya a Deira, suna ta mamakin abin da Hajiya Binta take yi da kyarkeci da tsufanta. Bakin kyarkecin nan na bari a ƙarshe. Na rubuta Allah ya ba da sa'a, a ƙasa na sa amin.

Na hau metro ni kaɗai na je gidanta da hantsi, yara suna makaranta. Ta kawo mini ruwa da dabino, ta zauna a ƙasa kamar kullum. Na ciro littafin daga jaka na ɗora mata a cinya. Ta gane shi tun kafin ta taɓa. Ta buɗe a hankali tana bin gida na uku da yatsa, shafi bayan shafi. Sannan ta koma gida na biyu, leɓenta yana motsi, ta tsaya, ta sake gwadawa.

"Umma, na manta," ta ce. "Ina ganin rubutun, amma ya tafi. Ko gaisuwar sai na yi tunani."

Ban san abin da na zata ba. Wataƙila na ɗauka yare kamar zinari ne, a ajiye a akwati shekara goma sha takwas a ɗauko shi yadda yake.

"Ba Abbanki ne ya hana ki ba," na ce. "Ni ce. Kishi ne kawai, ba wani addini."

"Na sani, Umma."

"Wa ya gaya miki?"

"Bangon gidanmu na Al Ras ai ba kauri gare shi ba. Ina falo na ji komai." Ta rufe littafin ta shafa bangonsa. "Na ga Abba yana so in ɗauka shi ne, sai na bar shi a haka."

Ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya kada ta kama. Ta kai bakin ƙofar kicin, littafin yana hannunta. Na ji harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, na dai ɗaga shi.

"Safiya."

Ta tsaya cak. Ba ni ta kalla ba. Ƙofar falo ta juya tana dubawa, ta ga ko wata maƙwabciya ce ta shigo ba sallama. Shekara talatin da shida ba ta taɓa jin sunan nan da muryata ba, ina za ta gane shi?

"Ba kowa," na ce mata. "Ni ce."